Yaushe aka raba ikkilisiya tsakanin masu mumbari da masu benci?

Wani dattijon ikkilisiya ne ya aiko da tambayar. Ya ce gardama ta kaure a majalisarsu kan ko wanda ba a keɓe ba zai iya hawa mumbari ran Lahadi, ko ya yi wa mara lafiya baftisma in fasto ya yi nisa. Wasu suka ce tun zamanin manzanni akwai keɓaɓɓu akwai membobi, kowa da iyakarsa. Wasu suka ce sam, Sarkin Roma Kwanstantin ne ya ƙirƙiro wannan rabuwa da ya mai da addini na gwamnati. Yana so ya san inda abin ya samo asali, da kuma matsayin da Kiristocin farko suka bai wa mai bi wanda ba shi da muƙami.

Dattijo, kowane ɓangare a majalisarku ya kama wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Shugabanci akwai shi tun farko, wannan ba a musu. Amma rukunin mutanen da ake gane su da abin da ba su da shi, wato "waɗanda ba a keɓe ba", bai fito sarari ba sai tsakanin shekara ta 200 da 250. Hakan ya zo bayan manzanni da fiye da ƙarni guda, kuma kafin Kwanstantin ya hau mulki da shekaru masu yawa. Saboda haka ba manzanni ne suka ja layin ba, ba kuma sarki ba ne.

Mu fara da Sabon Alkawari. Bulus ya gai da masu kula da ikkilisiya da masu hidima a farkon wasiƙarsa ga Filibiyawa. Ayyukan Manzanni 14:23 ta ce shi da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ikkilisiya. Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi wa shugabanni biyayya. Wanda ya ce babu tsari a lokacin, bai karanta ba. Abin da babu shi ne suna na musamman ga sauran jama'a. Kowa tsarkaka ne, kowa 'yan'uwa, kowa almajirai, daga manzo har bawan da aka yi wa baftisma jiya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda aka yi da sunan firist. An kira ma'aikatan Haikalin Urushalima da shi, an kira firist na gunkin Zafsa a Listira da shi, wasiƙar Ibraniyawa ta ba Almasihu shi a matsayin Babban Firist, sannan 1 Bitrus 2:9 da Wahayi 1:6 suka ba dukan jama'ar masu bi shi gaba ɗaya, suna ɗauko alkawarin da aka yi wa Isra'ila a Fitowa 19:6. Babu shugaban ikkilisiya ko ɗaya da aka kira firist shi kaɗai ban da sauran. Har kalmar Girkanci kleros, wadda daga baya ta zama sunan keɓaɓɓu, a 1 Bitrus 5:3 garken ne ake nufi da ita, ana gargaɗin dattawa kada su nuna masa iko.

Aikin ma haka ya gudana. Da tsanani ya tashi bayan kisan Istifanas, Luka ya ce duka suka warwatse ban da manzanni, kuma waɗanda suka warwatsen ne suka kai bishara. Mutanen Kubrus da Kurane da ba a ma faɗi sunayensu ba su ne suka fara yi wa Girkawa wa'azi a Antakiya, birnin da aka fara kiran almajirai Kirista. Biriskilla da Akila, masu ɗinkin tanti, su suka ja Afolos gefe suka gyara masa koyarwa, shi da ya san Nassi kuma ya iya magana. Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Roma wajen shekara ta 57 bai taɓa taka birnin ba, ga shi kuwa da jerin sunayen mutanen da ake taro a gidajensu.

Kalmar laikos, wadda ita ce tushen sunan da harsunan Turai ke kiran membobi da shi, ba ta cikin Sabon Alkawari. Karon farko da ta fito a rubutun Kirista shi ne wasiƙar da ikkilisiyar Roma ta aika wa ta Koranti wajen shekara ta 96, wadda ake dangantawa ga Kilement. Abin da ya faru shi ne, wasu a Koranti sun tsige dattawansu. Roma ta ga abin bai dace ba, ta rubuta doguwar wasiƙa tana kira a koma kan tsari. A sura ta 40 marubucin ya kawo misalin Haikali: babban firist da hidimarsa, firistoci da wurinsu, Lawiyawa da aikinsu, mutumin jama'a kuma ƙa'idodin jama'a sun ɗaure shi. Masu son kafa hujja sukan tsaya nan su ce ga shi tun ƙarni na farko. Amma a lura, Haikalin Yahudawa yake siffantawa domin ya nuna cewa Allah mai son tsari ne. Da ya juyo kan ikkilisiya a sura ta 44 bai kira dattawa firistoci ba, ya ce an naɗa su ne da yardar dukan ikkilisiya. Bayan haka kalmar ta yi shiru kusan shekara ɗari. Ignatiyus na Antakiya, wanda ya rubuta wasiƙunsa wajen 110 yana hanyar zuwa Roma a kashe shi, ba wanda ya kai shi ɗaukaka bishop. Ya ce wa mutanen Samirna kada kowa ya yi wani abu da ya shafi ikkilisiya ba tare da bishop ba, baftisma ko Jibin Ubangiji. Duk da haka bai ƙirƙiro wa sauran jama'a suna ba. Ni kuwa nakan ga yawan nanatawarsa alama ce cewa mutane na yin waɗannan abubuwa ba tare da bishop ɗin ba, don ba a yi wa mai biyayya tsawa.

Ƙarni na 2 zamani ne na malaman da ba su da muƙami. Justin, Basamariye ta wurin haihuwa, masanin falsafa, ya buɗe makaranta a Roma a wani ɗaki da ke saman gidan wanka. Ba dattijon ikkilisiya ba ne, ba dikin ba ne. Da aka gurfanar da shi gaban hakimin birni Rustikus wajen 165, ya ce duk mai son zuwa wurinsa yana koya masa maganar gaskiya, aka sare kansa tare da ɗalibansa. Shi ne ya bar mana bayanin sujadar Lahadi mafi tsufa: a karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaban taro ya yi gargaɗi, kowa ya tashi a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya iyakar iyawarsa, jama'a su amsa da Amin, dikinoni su kai wa waɗanda ba su zo ba. Ya kira mutumin "shugaba" kawai. A wani rubutun kuma ya ce Kiristoci ne ainihin zuriyar manyan firistocin Allah. Maƙiyan ikkilisiya ma sun shaida haka. Selsus, wanda ya rubuta sukar Kiristanci wajen 178, ya yi ba'a cewa masaƙa da dukawa da masu wanki, jahilai ƙauyawa, su ne ke jan yara da mata zuwa shagunansu suna koya musu, amma in maigida ya shigo sai su yi tsit. Da nufin raini ya faɗa, amma ya ba mu hoton yadda addinin ya yaɗu.

Wajen shekara ta 200 abin ya canza, kuma a wurin mutum ɗaya ana iya ganin fuskokin biyu. Tertuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, shi ne ya fara rubuta tauhidi da Latin da yawa haka. Ya ari kalmomin da ake amfani da su a majalisun biranen Romawa, ordo ga masu kujera, plebs ga sauran jama'a, ya ɗora wa ikkilisiya. Da yake sukar 'yan bidi'a, laifin da ya ɗora musu shi ne rashin iyaka: yau wannan ne bishop gobe wancan, yau dattijo gobe memba, har ayyukan firist suna ba waɗanda ba a keɓe ba. Shi ɗin dai, a wani rubutu na baya, ya yi tambayar da har yau ake maimaitawa: mu da ba a keɓe ba, ashe ba firistoci ba ne? Ya ce ikon ikkilisiya ne ya kafa bambanci tsakanin masu muƙami da jama'a, don haka inda babu masu muƙami kai za ka miƙa hadaya, kai za ka yi baftisma, kai ne firist na kanka, domin inda uku suke akwai ikkilisiya ko da duka membobi ne.

Masu son 'yancin membobi sukan ɗauko wannan magana da murna, amma su duba dalilinsa. Tertuliyan ba haƙƙi yake nema wa kowa ba, nauyi yake ɗorawa. Yana gardama ne cewa wanda matarsa ta mutu kada ya sake aure. Hujjarsa ita ce, tun da an hana dattawa aure na biyu, kai ma firist ne, dokar ta hau kanka. A lokacin ya riga ya karkata ga ƙungiyar Montanus mai tsananin horo. Wannan bai rage darajar shaidarsa ba, ya ma ƙara ta. Ba ya kafa hujja da abin da masu karatunsa za su musa, ya san sun yarda baftisma firistanci ce.

Me ya kawo canjin? Na farko yawan jama'a. A wasiƙar da Bishop Karniliyas na Roma ya rubuta a 251, wadda masanin tarihi Yusibiyus ya adana, ya ƙirga ma'aikatan ikkilisiyarsa: dattawa 46, dikinoni 7, mataimakan dikinoni 7, masu rakiya 42, masu fitar da aljanu da masu karatu da masu tsaron ƙofa 52, ga gwauraye da mabukata fiye da 1,500 da ake ciyarwa. Ka duba jerin da kyau. Karatun Nassi, addu'a kan masu aljanu, tsaron ƙofa, a da ayyuka ne na duk wanda ke da baiwar. Yanzu sun zama matakan muƙami, kuma duk aikin da ya shige cikin muƙami ya fita daga hannun jama'a. Ba a cewa wajen gari sai an gina ganuwa. Ba wanda ya zauna ya ce bari a ƙirƙiro membobi, keɓaɓɓu ne suka kewaye kansu da ayyuka, abin da ya rage a waje ya sami suna.

Na biyu kuɗi. Sifriyan, bishop na Kartaj daga wajen 248 zuwa 258, yana biyan ma'aikatansa rabo na wata-wata, yana kwatanta su da Lawiyawa da sauran kabilu ke ciyarwa da zakka. Akwai wasiƙarsa kan wani mutum a garin Furni, Jeminiyus Biktor, wanda ya mutu ya bar wasiyya cewa wani dattijon ikkilisiya ya zama wakilin dukiyarsa. Sifriyan ya ce kada a miƙa hadaya domin mamacin, kada a ambaci sunansa a bagade, don ya janye bawan Allah zuwa harkar duniya. Ka ga nisan da aka yi daga Bulus mai ɗinkin tanti. Na uku, kuma shi ne na tauhidi zalla, Jibin Ubangiji ya ƙara ɗaukar sunan hadaya, teburi ya zama bagade, mai tsayawa a gabansa ya zama firist. Daga nan duk abin da Littafin Firistoci da Ƙidaya suka faɗa kan Haruna sai aka karanta shi kan bishop, labarin Kora da Datan da Abiram kuma ya zama bulalar da ake nuna wa duk wanda ya ɗaga kai.

Na huɗu tsanani, kuma wannan ya cancanci a dakata a kai. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya ba da doka kowa a daular Roma ya miƙa hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, da sunan mai hadayar da sa hannun jami'ai. Kiristoci masu yawa suka faɗi, wasu suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar. Sifriyan ya ɓuya yana tafiyar da ikkilisiya ta wasiƙa. Waɗanda suka tsaya suka sha azaba a kurkuku, yawancinsu ba su da muƙami, jama'a kuma suna ganin Ruhu na tare da su. Sai waɗanda suka faɗi suka yi ta tururuwa zuwa kurkuku suna neman gafara, 'yan kurkukun kuma suna rubuta musu 'yar takarda: a karɓi wane tare da mutanensa. Wani mai suna Lusiyan har ya rubuta gafara ta bai ɗaya da sunan dukansu, ya aika wa bishop ya sanar da sauran bishop-bishop. Tambayar da ta taso ita ce, ikon gafara a hannun wa yake, mai tabon bulala ko mai kujera? Ba sabuwar tambaya ba ce a Kartaj. A labarin shahadar Farfetuwa a 203, abokin ɗaurinta Saturus ya ga wahayi inda bishop da wani dattijo suka faɗi a ƙafafun shahidai suna roƙo a sulhunta su. Akwai ma wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya na ƙarni na 3 da ya ce wanda aka ɗaure saboda sunan Ubangiji ba ya bukatar a ɗora masa hannu don ya zama dattijo, shaidarsa ta ba shi darajar. Sifriyan ya yi yaƙi da wannan, ya kuma ci. Majalisar Kartaj ta 251 ta mai da karɓar masu tuba ƙarƙashin bishop. A ganina wannan ce ranar da aka rufe ƙofa mafi girma, domin ita ce hanya ta ƙarshe da mutum zai sami iko a ikkilisiya ba ta naɗi ba.

Sai dai kada a yi wa Sifriyan rashin adalci. Mutumin da ya ce bishop na cikin ikkilisiya, ikkilisiya na cikin bishop, shi ne kuma ya rubuta cewa tun da ya hau kujera ya ƙudura ba zai yi kome da ra'ayinsa kaɗai ba sai da shawarar dattawa da yardar jama'a. Shi kansa jama'a ne suka matsa aka naɗa shi yana sabon tuba, dattawa biyar suna adawa. Da ikkilisiyoyi biyu a Sifen suka tambaye shi kan bishop-bishop ɗinsu da suka faɗi a tsanani, ya amsa cewa jama'a ne ke da ikon zaɓen firistocin da suka cancanta da ƙin waɗanda ba su cancanta ba, har ya ce zama ƙarƙashin shugaba mai zunubi yana ƙazantar da su. Memba a ƙarni na 3 ya rasa bagade, amma yana da murya, yana kuma da hannu a baitulmali. A Afirka ta Arewa akwai wasu da ake kira dattawan jama'a, ba keɓaɓɓu ba ne, suna kula da dukiya da shari'o'in ikkilisiya, kusan irin kujerar da kake kai. Optatus, wani bishop na Afirka ta Arewa, ya ba da labari cewa da aka kira Bishop Mensuriyus na Kartaj gaban sarki, su ya bar wa kayan zinariya da azurfa na ikkilisiya, amma ya ba wata tsohuwa jerin kayan a rubuce. Ya yi dabara, don da magajinsa ya zo karɓa sai dattawan suka juya masa baya.

Kan wa'azi kuwa, gardamar majalisarku an taɓa yin irinta, kuma muna da takardun. Orijen na Iskandariya, malamin Nassi mafi girma a zamaninsa, ya je Kaisariya a Falasɗinu ba a keɓe shi ba. Bishop Tiyoktistus na Kaisariya da Iskandar na Urushalima suka roƙe shi ya fassara Nassi a gaban jama'a. Da labari ya kai wa bishop ɗinsa Dimitiriyas, ya rubuto da fushi cewa ba a taɓa jin memba ya yi wa'azi bishop-bishop na zaune ba. Suka mayar masa da amsa cewa maganarsa ba gaskiya ba ce, suka kawo sunaye: Yuwelfis a Laranda, Faulinus a Ikoniya, Tiyodor a Sinnada, duka membobi ne da bishop-bishop suka gayyata su yi wa jama'a magana. Dimitiriyas bai ja gardamar ba, ya aiko da dikinoni suka mai da malaminsa gida. Abu biyu ake gani a nan. Al'adar tana nan da rai. Amma ta riga ta zama abin da sai an nemo masa misalai uku daga ƙananan garuruwa kafin a kare shi.

In kana so ka ga rabuwar da ido, ka dubi wurin zama. A garin Dura-Yurofos a bakin Kogin Yufiretis a Siriya, an tono wani gida da Kiristoci suka mai da majami'a wajen 240. Sun rushe bango tsakanin ɗakuna biyu suka sami zauren da zai ɗauki mutum sittin zuwa saba'in, suka yi ɗan dandamali a gefen gabas. Ɗan tudu ne kawai, amma da shi an sami mai tsayawa sama da masu zama ƙasa. Littafin Didaskaliya, wanda aka rubuta a Siriya a wannan ƙarni, ya tsara zaman: kujerar bishop a gabas, dattawa a gefensa, sai maza membobi, sai mata a bayansu, dikin yana zagawa kada wani ya yi raɗa ko gyangyaɗi ko dariya. Littafin dai ya kira membobin zaɓaɓɓiyar ikkilisiyar Allah, ya karanta musu 1 Bitrus 2:9, sannan ya ce hadayarsu ita ce baikon da za su kawo wa bishop. Ya kuma ce in matalauci tsoho ya shigo babu wurin zama, bishop ya nema masa wuri ko da shi zai zauna a ƙasa. Mata kuwa nasu ya fi tsanani. Masanin tarihi Aleksandar Faibar na Faransa ya nuna cewa a rubuce-rubucen ƙarni na 3 sunan laikos sau da yawa maza masu baftisma yake nufi, ana ambaton mata daban. Yadda littafin ke ta hana gwauraye koyarwa da yin baftisma ya nuna suna yi.

To me Kwanstantin ya yi? Ya sami ganuwa a gine, ya sa mata ƙofar ƙarfe. A 313 ya ɗauke wa ma'aikatan ikkilisiya hidimomin birni masu cin dukiya, daga baya ya ba bishop-bishop ikon yanke shari'a, a 321 ya halatta a bar wa ikkilisiya gado. Keɓewa ta zama matsayi a dokar ƙasa, har sai da ya kafa doka ya hana masu dukiya daga majalisun birane gudowa cikinta. Abin dariyar shi ne, mutumin da ya kira majalisar Nikiya a 325 ko memba cikakke bai zama ba, don ba a yi masa baftisma ba sai yana gab da mutuwa a 337. Daga nan aka sami memba iri biyu, sarki da attajirai masu ikon da ya fi na dattawa, da taron jama'a da suka shigo bayan tsanani ya wuce. Muryar zaɓe ta daɗe ba ta mutu ba. A 374 jama'ar Milan suka yi ta ihun sunan gwamnansu Ambros, wanda ya shigo majami'a don kwantar da tarzoma, aka yi masa baftisma aka naɗa shi bishop cikin mako guda. A 391 mutanen Hippo suka cafke Agustin suka tura shi gaba don a keɓe shi yana kuka. Amma zaɓen taro yana da nasa muni. A rikicin kujerar Roma na 366 tsakanin Damasus da Ursinus, masanin tarihi Ammiyanus ya ce an ƙirga gawa 137 a majami'a ɗaya rana ɗaya. Majalisar Lawudikiya a wannan ƙarni ta hana taron jama'a zaɓe, ta kuma keɓe shiga wurin bagade ga keɓaɓɓu.

Tauhidin dai ba a taɓa soke shi ba, kuma wannan ne abin da na fi so majalisarku ta riƙe. Jerom ya ce firistancin memba shi ne baftisma. Yohanna Kirisostom ya ce wa jama'arsa a cikin ruwan baftisma sun zama sarki da firist da annabi, kuma a gaban teburin Ubangiji babu bambanci tsakanin firist da jama'a, gurasa ɗaya ƙoƙo ɗaya, ba kamar Tsohon Alkawari da firist ke cin abin da aka hana sauran ba. Agustin ya ce domin ku ni bishop ne, tare da ku ni Kirista ne, na farkon sunan aiki, na biyun sunan alheri. Bambancin a wurinsu na hidima ne a cikin jiki ɗaya. Ba su ce akwai Kirista iri biyu ba, sai a ƙarni na 12 aka rubuta wannan magana cikin littafin dokokin ikkilisiyar Yamma. Membobi kuma ba su daina aiki ba. Antoni na Masar, uban masu zuhudu, bai taɓa karɓar muƙami ba, Fakomiyus ma ya ɓuya don kada a keɓe shi. Furumentiyus, saurayi daga Taya da aka kama aka kai fadar Aksum a Habasha, ya tara 'yan kasuwa Kiristoci suna sujada tun yana ma'aikacin fada, sai daga baya Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya naɗa shi bishop.

Kan tambayoyinku biyu, ga abin da tsoffin takardun suka ce. Baftisma a halin larura: Tertuliyan ya yarda memba ya yi, ya ce abin da aka karɓa daidai ana iya bayarwa daidai, amma a bar wa bishop in yana nan, don zaman lafiya, ya kuma hana mata. Majalisar Elbira a Sifen, a farkon ƙarni na 4, ta ce in ana tafiya a teku ko majami'a ta yi nisa, mai bi zai iya yi wa mai koyon addinin da ke bakin mutuwa baftisma, in ya rayu a kai shi wurin bishop ya ɗora masa hannu. Wa'azi: wani littafin tsari na Siriya daga wajen 380 ya ce mai koyarwa ko da memba ne, in ya ƙware a Magana kuma halinsa na kirki ne, a bar shi ya koyar. Wasu dokoki na kudancin Faransa a ƙarni na 5 suka ce kada ya koyar a gaban keɓaɓɓu sai in su suka roƙe shi, wato dai matsayin bishop-bishop ɗin da suka gayyaci Orijen. Jibin Ubangiji kuwa, ban da waccan magana ta Tertuliyan, marubutan da suka biyo bayan Ignatiyus sun bar shi a hannun bishop ko wanda ya wakilta. In majalisarku za ta bi sawun ƙarni na 3 da na 4, memba zai yi baftisma in rai na cikin haɗari, zai hau mumbari in shugabanni sun gayyace shi, ba zai tsaya a teburi ba, kuma ba za a naɗa masa fasto ba tare da an ji ta bakinsa ba.